Saiwar da Gado Ya Bari a Jiratawa

Ranar da abin ya fara, an idar da sallar magariba ke nan, sauran haske bai gama janyewa daga kan katangar gidan Gado ba. Kaji sun hau. Zuliha tana durƙushe gaban murhu tana kwashe tuwo. Shi Gado yana zaune a tabarma yana ƙanƙare busasshen siminti daga farcensa da tsinke, yana sauraron 'yarsu Salima, wadda tun da suka dawo gida bakinta bai huta ba.

Tana da dalili. A ƙasar da babu ko taku ɗaya na layin dogo, ita Salima mai shekara goma sha uku ta shiga jirgin ƙasa. Ƙarami ne dai, mai tarago uku, wanda Alhaji Tanimu ya sayo ya kafa a lambun wasan yara da yake ginawa a bakin garin Maraɗi. Ranar nan aka gwada shi, Gado kuwa ya ɗaga 'yarsa da hannu biyu ya zaunar da ita a taragon gaba, don a ce ita ce ta farko.

"Inna, har kuka shi kai," in ji Salima. "Da munka zo ƙarƙashin iccen Baba sai ya yi kuka, tsuntsaye duk sunka watse."

Zuliha ta buɗe baki za ta amsa, sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Na biyu ya faɗo tsakiyar tsakar gida ya tarwatse. Na uku bai yi kuskure ba, cikin tukunyar miya ya sauka.

Gado ya miƙe a hankali ya ɗauki ɓarin wanda ya tarwatse. Ya zaci dutse ne, sai ya ji abu mai sanyi yana manne masa a yatsu. Laka ce baƙa, jiƙe sharkaf, alhali ruwan sama ya ɗauke wata guda ke nan, kuma duk unguwarsu rairayi ne ja. Ya kai ta hanci. Mutumin da ya yi shekara talatin hannunsa cikin ƙasa ba ya buƙatar a gaya masa inda laka ta fito. Ta fadamar Jiratawa ce, kuma ya san ramin da ya taɓa jin wannan ƙamshin.

"Mi na ne, Malam?" Zuliha ta tambaya.

"Yaran unguwa na," in ji shi. Ya wurga lakar bayan katanga, ya wanke hannu ya sake wankewa. Tuwon ranar gaya aka ci shi, shi ma ba a cinye ba.

Gado mutum ne mai hannu. Abin da ya dasa ba ya mutuwa, kowa ya sani, shi ma ya sani, kuma a nan matsalar take. Shekara ashirin ya yi a gandun renon itatuwa na gwamnati kafin a rage ma'aikata a haɗa da shi. Zamanin kuwa kowa a Maraɗi yana da jam'iyya da hular jam'iyya, amma ba kowa ke da abin sa wa a tukunya ba. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, lakwal, wato makarantar boko, a rufe ta fi a buɗe. Shekara biyu ya yi yana yi wa masu hali shingen furanni, ana biyansa da "Allah ya yi albarka". Don haka ranar da Alhaji Tanimu, ɗan kasuwar yadi da mai, ya kira shi ya zaro hoto daga aljihu ya ce irin wannan lambun ya gani a wata tafiya kuma irinsa yake so, Gado ya ji kamar an mayar masa da sunansa.

Aikinsa shi ne ya ƙawata hanyar da jirgin zai bi, wadda Alhaji ya sa wa suna Dajin Da. Ya tayar da tudu da ɓaraguzai ya lulluɓe shi da siminti, ya huda masa kogo jirgi ya ratsa. Ya yi kada mai buɗaɗɗen baki a gefen wani tafki da aka shafe gindinsa da shuɗin fenti. Ya yi raƙumin dawa, wanda wuyansa ya karye sau biyu kafin ya tsaya. Ya shimfiɗa ciyawa, ya jera ayaba da furanni. Saura babban icce a bakin kogon. A hoton Alhaji na siminti ne, da ganyen kwano, kuma haka Alhaji ya ce a yi, ya fi sauƙi.

Abin ya sosa wa Gado rai. Kada na siminti ya yarda, tunda ba za a kawo mai rai ba. Amma a ce shi Gado ya tsaya yana shafa wa ganye fenti?

"Alhaji, ni da ka gani ban taɓa dasa ƙarya ba," ya ce. "Ka ba ni motar kamyo da mutum goma, in kawo maka mai rai."

A Jiratawa ya samo ta, a ƙarshen damina: wata kanya madaidaiciya mai duhun inuwa, ita kaɗai a gefen magudanar ruwan noman rani. Mai gonar ya sayar da ita da murna, don tana cinye masa hasken tumatir. Gado ya datse rassanta, ya sa aka haƙa rami kewaye da gindin, yana naɗe kowace saiwa da jiƙaƙƙen buhun algarara. Suna cikin haka wata tsohuwa mai suna Atika, mai gonar da ke maƙwabtaka, ta ajiye fartanyarta ta matso.

"Ɗan nan, ka yi musu sallama?"

Ya san abin da take nufi. Al'adar mutanen kwarin ce, kuma ubansa ma haka yake yi. Wanda zai sare tsohon icce sai ya je gindinsa da yamma kwana uku a jere, ya yi sallama, ya gaya wa waɗanda ba a gani cewa rana kaza za a sare, su kwashe yaransu da kayansu, sannan ya nuna musu wani iccen da za su koma. Ba yanka, ba tsafi, sallama ce kawai irin ta maƙwabci.

Gado ya yi dariya. "Iya, ai ba sarewa zan yi ba. Ƙaura zan yi mata, da ranta. Wanda ke ciki ya zauna abinsa, birni za a kai shi, kyauta."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Tsohuwar ta dube shi, ta ɗauki fartanyarta, ta bar gonar gaba ɗaya tun rana ba ta yi sanyi ba.

A rana ta biyu suka iske saiwar tsakiya. Kaurinta ya kai cinyar mutum, ta miƙe ƙasa sosai, an haƙa an haƙa ba a ga ƙarshenta ba. Rana tana faɗuwa, mai motar ɗaga kaya yana gunaguni. Gado ya karɓi gatari ya sauka ramin da kansa. Sara huɗu ya yi. Aka ɗaga kanyar, aka mayar da ƙasa kan guntun saiwar, aka tattake. Kuma ta kama. Cikin wata guda ta fitar da sabon ganye a bakin kogon siminti, Alhaji yana kawo manyan jam'iyyarsa su gani, Gado yana tsaye a gefe yana jin daɗin yadda ake nuna shi da baki.

Wannan ramin ne ya ji ƙamshinsa a tsakar gidansa.

Kashegari da magariba jifan ya dawo, haka jibi. Da an yi kiran salla sai lakar ta fara sauka, da an kira lisha sai ta tsaya. Maƙwabta suka hau katanga da tocila, ba su ga kowa ba. A rana ta huɗu jifan ya ragu, abin da ya fi shi muni ya zo. Suna zaune sai su ga murfin tukunya ya ɗagu a hankali, ya koma. Sai na randa. Sai kwandon kaya ya kife, tabarmar da ke naɗe ta warware kanta. Babu abin da aka fasa, babu abin da aka ɗauka. Zuliha ce ta fara ganewa, don ita uwa ce.

"Wannan nema a kai," ta ce da ƙaramar murya. "Wani abu ya ɓace ma wani."

Sai kuma muryar. Ta mace ce, can ƙasa-ƙasa, tana zagaya gidan ta bayan ɗakuna, tana kira irin kiran da ake yi wa yaron da ya ɓuya, ana lallashinsa ya fito. Ba a jin sunan da take kira, amma duk wanda ya ji sai tsikar jikinsa ta tashi, kuma sai ya ji tausayi, abin da ya fi tsoron ciwo.

A rana ta bakwai Salima ta ajiye kwanon da take wankewa, ta tafi tsakiyar gida ta durƙusa, ta fara haƙa ƙasa da hannu. Uwar ta yi mata magana, ba ta waigo ba. Gado ya kama ta, ta fizge da ƙarfin da ba nata ba, ta koma ramin. Sai da aka kira lisha ta faɗi gefe, farce biyu sun ɓalle, tana kallon sama. Daga ranar ba ta sake cewa Inna ko Baba ba. Da rana tana zaune shiru, ba ta ci sai an ɗura mata kunu. Da magariba ta tashi ta haƙa. Aka naɗe mata hannuwa da tsumma, ta haƙa da tsumman. Suka kai ta likita, aka ce zazzaɓi ne ya taɓa kai, aka ba su ƙwayoyi. Tsakar gidan ta cika da ramuka har ba a iya shimfiɗa tabarma.

Gado yana zuwa aiki kullum. Yana ba kanyar ruwa ba ya ɗaga kai ya dube ta. Kunya ce ta riƙe masa baki, ba rashin sani ba. Gara a ce masa komai da a ce hannun nan da yake taƙama da shi ne ya jawo wa gidansa wannan.

Wata yamma Zuliha ta tsare shi a zaure. Mace ce mai kawaici, shekara ashirin ba ta taɓa tsare shi ba.

"Malam, ɗiya huɗu na haihwa, guda ta rage min. Ran da laka ta hwaɗo na ga ka sansana ta, na ga huskarka. Ka san inda ta hito. In ba ka gaya min ba, ka gaya ma Allah ran da munka kai ta inda munka kai sauran."

Ya jingina da bango ya gaya mata duka, har maganar tsohuwa da dariyar da ya yi. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta ce kawai gobe ya tafi Tsibiri ya zo da Malam Ilyasu.

Malam Ilyasu tsoho ne siriri mai ƙarancin magana, wanda aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Bayan la'asar ya iso a bayan kabu-kabu, da 'yar jakarsa ta fata. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ramukan. Ya sa aka fitar da maƙwabta, aka zaunar da Salima a tabarma uwarta na riƙe da kafaɗunta, aka kawo garwashi ya zuba tazargade. Sannan ya zauna gabanta ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, ba kuma da gaggawa ba.

Inuwar katanga ta miƙe ta rufe tsakar gidan. Hayaƙin ya tsaya cak bai tashi sama ba. Can da aka fara kiran magariba daga masallatai, yarinyar ta ɗago kai, ta gyara zama ta miƙe ƙafafu irin zaman tsofaffin mata. Malam ya kama babban yatsan hannunta.

"Salamu alaikum. Wa ke nan?"

Muryar da ta fito daga bakin Salima ta tsohuwa ce, a dishe, kamar ta wadda ta kwana biyu tana kira.

"Yau anka san sallama a gidanga?"

Gado ya sunkuyar da kai.

"Amsa min dai, baiwar Allah," in ji Malam. "Musulma ce ke?"

"Wa alaikumus salam. Na riga kakanka salla."

"To kin san abin da kike yi zalunci na. Yarinyar ga ba ta ɗauki gatari ba."

"Nawa ma bai ɗauka ba."

Ta ci gaba a hankali, idon yarinyar a kan Gado. Ta ce ita ba mai neman fitina ba ce. An tashe ta sau biyu a rayuwarta, sau biyun kuma an yi mata sallama, ta kwashe nata ta tafi ba ta taɓa kowa ba. Wannan karon tana sama tana shanya, sai ta ji gida yana tafiya. Ta tattara yaranta a kan mota, cikin ƙura da ihun ma'aikata, ta zaci sun cika. Aka dasa su gefen dutsen ƙarya, aka rataya musu fitilu masu launi, aka ɗaure lasifika a reshen da take kwana. Duk ta haƙura.

"Autana yana ƙasa yana barci, cikin saiwar tsakiya, don can ta hi sanyi. Wanga ya sare, ya ruhe, ya tattake. Kwana arba'in ina nema cikin lambunku, na ce ko ya ɓuya cikin kogon, ko cikin bakin kadan. Ran nan sai ga wanga ya zo ƙarƙashin gidana, ya ɗaga ɗiyatai sama yana dariya. Sai na ce bari in ga gidan da ake ɗaga ɗiya."

Zuliha ta saki wani ƙaramin sauti ta toshe bakinta da gefen zane.

Malam ya ce za a je gobe a tone ramin, ta ɗauki ɗanta. Ta ce ba ya fita ta rami. Yaro ne, hanya ɗaya ya sani, daga saiwa zuwa gindi zuwa reshe, kuma ita ma ba ta da hanyar shiga sai wannan. Malam ya ce za a ba ta wata kanyar, wadda ta fi wannan. Ta tambaye shi ko in an ba Zuliha wata yarinyar, wadda ta fi wannan, za ta karɓa. Ya ɗaga murya ya koma karatu, ya daɗe yana yi, jikin yarinyar yana karkarwa, gumi yana zuba, har muryar ta fara nishi. Amma da ya tsaya sai ta ce:

"Ƙone ni in kana so, Malam. Uwa ce ka ƙone. Ni dai ba ni tahiya hannu wohi."

Gado ya ga tsohon ya sassauta riƙon da ya yi wa yatsan.

"Mi kike so?"

"A maida min gidana kan saiwarshi. In sun haɗe, ɗana ya hau, na manta da ku har abada."

Gado ya san abin da ba Malam, ba Zuliha, ba ita kanta mai maganar da ta sani. Saiwar da aka sare aka binne wata biyu ba ta sake haɗewa da uwarta, ko wane ne ya dasa. Kuma babban icce da aka tumɓuke sau biyu cikin shekara guda, a rani, da wuya ya ga wata daminar.

"Icce ba ya son ƙaura biyu," ya ce. "Tana iya mutuwa."

"Ba kai ne mai hannu ba? Na ji kana hwaɗi."

"Kahin su haɗe hwa?" Malam ya tambaya. "Ba a barin alkawari ba iyaka."

"Muddin da ɗanyen ganye a kanta, ina jira, ba ni kusantar gidanga. Ran da na duba ban ga ko guda ba, na san ya kashe min hanya. Ran nan zan dawo, kuma ba nema zan zo yi ba."

Malam ya juyo ya dubi Gado. "Ka ji. Kana iyawa?"

Da ya faɗi gaskiya, da watakila Malam ya nemi wata hanyar, watakila kuma da babu wata hanyar. Gado ya dubi hannuwan 'yarsa cikin tsumma mai jini. Ya ce yana iyawa.

Malam ya sa ta rantse da Wanda ya halicci mutum da aljan, ta rantse. Ya ba Gado kwana goma sha huɗu. Sannan ya ce ta fita ta inda ta shiga, kada ta taɓa ido, kada ta taɓa kunne. Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta kife a cinyar uwarta. Hayaƙin da ya tsaya ya tashi sama. Can ta buɗe ido ta ce, "Inna, hannuna ciwo," sai Zuliha ta fashe da kukan da ta riƙe kwana ashirin.

Alhaji Tanimu bai yi dariya ba da ya ji labarin, ɗan Maraɗi ne shi ma. Tsoronsa ɗaya, kada maganar ta fita a ce lambun yara yana da masu shi da ba a gani. Ya ce a ɗauke kanyar, amma ba za a bar masa bakin kogo fayau ba, sai Gado ya tsayar masa da ta siminti tukuna, kamar yadda ya ce tun farko.

"Da ka ji maganata, da duk ba a yi haka ba," in ji Alhaji. "In ka gama ka huta. Mutane sun hwara magana."

Kwana tara Gado ya yi yana ɗaure rodi, yana lulluɓa waya, yana zana ɓawo a jikin ɗanyen siminti da bakin cokali. Ya yanka ganye ɗaya-ɗaya daga kwano ya shafa musu kore. Ya tsani kowane ganye, amma hannun nan nasa bai iya aikin banza ba, ta fito kamar ka tsinki 'ya'yanta. A rana ta goma sha uku aka sake tumɓuke kanyar. Kafin nan ya je gindinta yamma uku a jere ya yi sallama, ma'aikata suna kallonsa, babu wanda ya yi dariya.

A Jiratawa ya tone tsohon ramin da hannunsa. Ya iske guntun saiwar ya yi baƙi, ya fara ruɓewa daga sama. Ya datse ruɓaɓɓen, ya daidaita gindin a kai, ya ɗaure da algarara, ya mayar da ƙasa. Atika tana tsaye a iyakar gonarta.

"Za su haɗe?" ta tambaya.

Ya ci gaba da danna ƙasar da tafin hannu, ita ma ba ta sake tambaya ba.

An buɗe lambun ranar ƙaramar salla, shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Duk da tsadar da ake kuka da ita, rabin yaran Maraɗi sun je. Jirgi yana ratsa kogo yana kuka ƙarƙashin iccen siminti, yara suna ihu, babu ko ɗaya da ya ɗaga kai ya ga ko ganyen na gaske ne. Salima ta je da ƙawayenta. Ba ta tuna komai, an gaya mata zazzaɓi ta yi. Ta dawo tana cewa, "Baba, iccenka ya ƙara kyau, ko ganye guda bai zubar ba." Ya ce mata haka ne.

Shi kuwa tun daga ranar da aka mayar da kanyar bai kwana bai ga Jiratawa ba. Mai gonar ya ce ba zai zauna da abin da ya riga ya sayar ba, sai da Gado ya karɓi wannan gefen yana yi masa noman sauran a madadinsa. Ya yi wa kanyar rumfar zana saboda rana, ya lulluɓe gindin da ciyawa. Ranar da aka saki ruwa a magudana ya ja mata, ranar da injin ban ruwa ya tsaya ya ɗauko a garwa daga rijiya. An kira shi aiki Tasawa, an kira shi Yamai, ya ce ba ya iya nisa. Mutane suka ce Gado ya taɓu, ƙwararre kamarsa ya ƙare a gindin mataccen icce.

Ba ta mutu ba, ba ta kuma rayu ba. Rassa uku sun bushe a bazarar farko. Na huɗu, wanda ke fuskantar gabas, shi ya riƙe 'yan ganye, damina ta ƙara masa kaɗan, rani ya rage. Kowace yamma in ya gama ban ruwa sai ya yi sallama ya tsaya ya dube su. Wani lokaci, in iska ta kwanta, yakan ji muryar nan can sama tana kira a hankali, tana lallashi, ta fuskanci ƙasa. Bai taɓa jin an amsa mata ba.

In ya dawo gida Zuliha tana jiransa a zaure kafin ya shiga. Ba ta yi masa sannu da zuwa sai ta yi tambayarta, kullum iri ɗaya.

Wata magariba a bazara ta uku ya sauka daga keke a ƙofar gida, yana karkaɗe riga, sai ya ji wani abu a aljihun gaba. Ganyen kanya ne, rawaya, ya faɗo masa bai sani ba. Daga ciki yana jin Salima tana dariya, tana karanta wa uwarta wani abu daga littafin lakwal. Ya ji takun Zuliha tana tahowa zaure. Babu inda zai jefa shi ba ta gani ba. Ya sa shi a baki ya tauna, ɗacin ya cika masa harshe, ya haɗiye.

"Da ganye?" in ji Zuliha.

"Da ganye," ya ce. Ya jingina keken, ya ɗauki buta.